Wardin Gidan Alhaji Sani

Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin fure ba aiki ba ne, wai ruwa ne kawai mutum ya zuba ya koma inuwa ya sha shayi. To, tunda yau kun zauna, bari in ba ku labarin itace guda ɗaya da na yi wa hidima shekara goma sha ɗaya, sai ku auna da kanku.

Na zo Agadas daga Tasawa, ni da matata, saura shekara biyu a samu ƴancin kai. Aka ce mini akwai gidan wani Nasara mai kamiyo, wato manyan motocin kaya, a bakin gari, wajen korin Telwa, rafin nan da ke gudu da damina, ana neman mai jan ruwa. Na je. Gidan yana da garka babba da rijiyarsa a ciki, mai kula da garkar kuwa wani dattijo ne mutumin Timiya, ana ce masa Baba Amumun. Siriri ne, ba ya yawan magana, hannuwansa duk zane-zanen ƙaya ne tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ya dubi kafaɗuna, ya dubi tafin hannuna, ya nuna mini guga. Ke nan an ɗauke ni.

A jikin bangon garkar, ɓangaren da ke kallon gabas, wardin yake. Nasara roziye yake ce masa, malaman gari kuma wardi, mu muka bi malamai. Kada ku kwatanta shi da waɗannan ƙananan da ake kawowa yanzu cikin leda, masu launi ba ƙamshi. Wannan mai hawa ne. Gindinsa ya kai kaurin damtsena, ya haye bango har ya leƙa waje, ya bazu dama da hagu fiye da taki ashirin. Daga arewa aka kawo shi cikin gwangwanin kananzir a bayan raƙumi, Baba Amumun ne ya dasa shi da hannunsa tun yana da baƙin gemu. Sau ɗaya yake fure a shekara, idan sanyi ya fara ja da baya, sati uku ko huɗu. Sauran wata goma sha ɗaya ƙaya ce da ganye da aiki.

Aikin farko da aka ba ni a kansa shi ne ban ruwa, kuma ranar farko na ɓata. Na ciko arozuwar, wato butar ban ruwa mai rariya a baki, na ɗaga ta sama ina yayyafa wa ganye, ina ganin na yi gwaninta. Baba Amumun ya riƙe hannuna.

"Wa ya ce maka da kai yake sha?" Ya durƙusa ya nuna mini ramin da ya kewaye gindin. "Nan bakinsa yake. Ka zuba a hankali, ka jira ƙasa ta shanye, ka ƙara. Ruwan rijiyar nan yana da kanwa. In ya bushe a kan ganye, rana za ta ƙone shi."

Gwangwani uku kafin rana ta fito, uku bayan la'asar, lokacin bazara. Da sanyi a rage. Kafin ka zuba kuma sai ka tura yatsa cikin ƙasa ka ji. Shekara biyu cur na yi ina wannan, da kwasar takin awaki. Takin ma ba kowane ba, sai wanda ya shekara a rami ya huce, domin sabo yana dafa saiwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƴar hauya mai gajeriyar ƙota, wuƙa, tsani na itacen goriba, da kaba da muke jiƙawa mu tsage. Sai sikatar, almakashin yankan reshe, guda ɗaya tak a gidan. Baba Amumun yana ɗauke da ita cikin jakar fata a wuyansa kamar laya. Kowace Juma'a sai ya kwance ta, ya wasa a dutse, ya shafa mata mai. In ta dakushe tana murƙushe reshe maimakon ta yanka, wurin kuma ya yi baƙi ya ci gaba da mutuwa har ƙasa. A shekara biyun nan ko taɓa ta ban yi ba.

Ɗauri shi ne aikin da ya fi cin jini. Reshen wardi in ka bar shi ya miƙe tsaye, a can ƙololuwa kaɗai zai yi fure, tsuntsaye su gani. Sai an kwantar da shi a gicciye, sannan kowane ido na jikinsa ya fito da toho, kowane toho da furensa. To ka kwantar da reshe mai tsawon mutum biyu, ƙayarsa a lanƙwashe kamar farcen kyanwa, kana kan tsani, ba tare da ka karya shi ba. Mukan kafa ƙananan turaku a bango, mu ja reshen kaɗan yau, mu ɗaure, bayan kwana uku mu ƙara ja. Da kaba ake ɗaurewa, a bar wurin da yatsa zai shiga. Nasaran ya taɓa kawo mana wayar ƙarfe, Baba Amumun ya karɓa ya yi godiya, ya rataye ta a ɗakin kaya. Ƙarfe a ranar Agadas wuta ne, zai yi wa reshe lalas.

Ranar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ana ta kiɗa a gari, mu muna kan wannan tsanin. Ba a yi wata shida ba mai gidan ya tattara ya tafi. Ya sayar da gidan ga Alhaji Sani, Badamagarame mai fataucin fatu da gishiri. Alhaji ya zaga garka, ya yaba da albasa da tumatir da rumman, ya zo gaban bango ya tsaya.

"Wannan fa, me ake ci a jikinsa?"

"Ba a cin komai, Alhaji," in ji Baba Amumun.

"Magani ne?"

"Ƙamshi ne."

Alhaji ya ce a nan yake so a yi rumfar shanya fatu, a sare shi kafin sati. Baba Amumun bai yi gardama ba. Ya ce dai a yi haƙuri har sanyi ya wuce, saura wata biyu. Alhaji ya ce to. Kafin nan iyalinsa suka iso daga Damagaram, har da mahaifiyarsa, Inna Gaje, tsohuwa mai raunin ido, ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta. Wata safiya wardin ya buɗe, bangon nan duka ya rufe, launinsa tsakanin fari da ja, kowane fure cike tam da ganye kamar an ninke shi. Inna Gaje ta fito da sandarta tana bin ƙamshin har ta iso. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa aka kira ɗanta.

"Sani, an ce za ka sare wannan?"

"Rumfa nake so, Inna."

"Bango huɗu garkar nan take da shi. Ka nemi wani."

A bangon kudu aka yi rumfar.

Kuskurena babba ya zo a shekarata ta huɗu. Baba Amumun ya tafi Timiya ta'aziyyar ƙanensa a farkon sanyi, ya bar mini sikatar karo na farko, ya ce busasshe kawai zan cire. Yana tafiya Alhaji ya yi baƙi, ƙaya ta kama babbar rigar ɗayansu ta yage. Alhaji ya ce in rage wannan abu ya daina kama mutane. Ni kuwa na ga dama ta samu da zan nuna na iya. Na hau tsani na bi dogayen rassan nan da suka fito a daminar da ta wuce, kore shar, na datse su duka. Bango ya yi tsaf kamar kan da aka yi wa aski. Alhaji ya ce madalla.

Da Baba Amumun ya dawo, bai ko ajiye jakarsa ba ya tsaya gaban bango.

"Habu, zo. Waɗanne ka yanke?"

"Sababbin, Baba. Na bar tsofaffin."

"Tsofaffin sun gama nasu. A jikin waɗanda ka yanke furen bana yake kwance." Ya miƙo hannu, na ba shi sikatar. "Irin wannan, bayan ya gama fure ake taɓa shi. Kafin nan, ko ya yage rigar wa, ɗaure shi ake yi."

Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba. Abu ɗaya ya ce: duk wadda ta zo neman fure bana, ni zan fita in yi mata bayani.

Domin wardin yana da mutanensa. Matan tsohon gari masu haɗa turaren wuta da humra sukan zo kowace shekara da ƙoransu, matan Larabawa kuma su karɓa don shayi. Inna Gaje ta hana a karɓi ko sisi, ta ce ƙamshi sadaka ne. Babbar masu turaren wata ce Hajiya Tamo, wadda rabin amaren garin da turarenta aka kai su ɗaki. Ita takan shinshina ƙwarya sau ɗaya ta ce, "Wannan bayan rana ta fito aka tsinke shi, ɗana, mayar da abinka." Gaskiyarta ne kuwa. Da sassafe ake tsinka, lokacin da furen ya buɗe rabi, a shanya a faifai cikin ɗaki, kada rana ta gan shi. A waccan shekarar fure bai cika tafin hannu biyu ba. Na tsaya a ƙofar garka sati uku ina gaya wa mata ɗaya bayan ɗaya cewa babu, kuma ni na jawo. Hajiya Tamo ta dube ni ta ce ta yi wa amare huɗu alkawari. Ta juya da ƙwaryarta. Daga wannan shekarar ban ƙara sa ƙarfe a jikin reshe ba sai na bi shi da ido har gindinsa na san shekarunsa.

Abokan gabarsa kuma ba sa hutu. Akuya in ta sami ƙofa a buɗe, cikin ɗan lokaci ta cinye tohon wata guda. Akwai wasu ƙananan ƙwari kore da ke taruwa a kan toho, su muke wankewa da ruwan taba da sabulu. Amma babba ita ce gara. Ita ba a ganinta. Kowace safiya sai an tona bakin gindi da yatsa a duba ko ta fara gini, a zuba toka, kuma ba a barin ko ɗan guntun busasshen itace kusa. Mun sha ba mutane rassa su dasa a gidajensu. Wani akuya ta ci, wani aka manta da shi kwana uku da bazara, wani gara. Ko ɗaya bai kai shekara biyu ba. A duk garin, namu ne kaɗai.

Shekara shida bayan ƴancin kai, gwiwoyin Baba Amumun suka ƙi tsani. Ya ce zai koma gida. Ranar tafiyarsa ya cire jakar fatar daga wuyansa ya rataya mini, ya ce in riƙa kwance ta ranar Juma'a. Ya bi ayari ya tafi.

Na riƙe garkar ni kaɗai, lafiya lau, har muguwar shekara ta zo. Damina ɗaya ta yi rowa, ta biyu korin Telwa bai ko yi gudun kirki ba. Rijiyarmu da muke ja da igiya gaba takwas ta koma sha biyu, ta koma sai an jira ruwa ya taru a kwarfa, rabinsa laka. Na bar albasa ta mutu, na bar tumatir, na bar masara. Rumman da wardi kawai na riƙe. Sai mutanen daji suka fara shigowa, waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Suka kafa ƴan bukkokin tabarma a bayan bangonmu. Alhaji Sani ya sa aka buɗe ƙofar garka, ya ce duk mai son ruwa ya shigo. Tun asuba layi yake kamawa, mata da salkuna da tukwane, ni nake ja ina zuba musu. Kullum ruwan yana ƙarewa kafin layin ya ƙare. Ni kuma kullum sai na ware gwangwani shida na wardi tun da fari, na ajiye a inuwa.

Wata ranar bayan la'asar na ɗauko gwangwani biyu zan kai gindi. Akwai wata mata zaune a bakin rijiya tana jiran ruwa ya taru, tun hantsi take nan. Da goyo a bayanta, salkarta a yashe a ƙasa kamar tsumma. Ta bi ni da ido har na durƙusa na fara zubawa. Hausarta kaɗan ce. Ta nuna bangon da haɓa.

"Wannan, me yake haifa?"

"Fure," na ce.

"Fure." Ta maimaita kalmar, a hankali, kamar tana so ta riƙe ta. Ba ta roƙe ni ba.

Gwangwani ɗaya ya riga ya shiga ƙasa. Na ɗauki na biyun na juye mata a salka, na koma inuwa na ɗauko na ukun.

Da magariba na sami Alhaji na gaya masa wardi a yadda yake ba zai rayu da ƙasa da gwangwani shida ba, ganyensa ya yi yawa. In an yanke shi har gwiwa, wataƙila ɗaya ya ishe shi, wataƙila kuma ya mutu.

"Kai ka san aikinka, Habu," ya ce. "Ni dai ban ce ka yanke ba, ban ce ka bari ba. Amma ka fara gaya wa Inna."

Inna Gaje ta saurare ni har na gama. Ta tambaya, "In ya rayu, shekara nawa kafin ya sake fure?"

"Uku, Inna. Ko huɗu."

Ita ta san shekarunta, ni ma na sani. Sannan ta ce, "Je ka yi. Allah ya ba da sa'a."

Kwana biyu na yi ina yanka. Ba a faɗa wa itace irin wannan da gatari. Daga sama na fara, ina kwance kabar da muka ɗaura shekara da shekaru, wata ɗaurin Baba Amumun ce, na san ƙullinsa. Reshe ɗaya ɗaya nake saukewa. Ƙanana da sikatar, manya da zarto da na aro wurin kafinta. Na bar kututture biyar, kowane tsawon gwiwa, na yanke su a karkace sama da ido mai kallon waje, na shafe bakin da yumɓu da toka. Na kafa zana ta yi masa inuwa. Na binne tulu a gefensa har wuya don ruwa ya riƙa tsattsafowa a hankali. Mutanen bayan bango suka kwashe rassan, masu ƙaya suka yi wa ragowar awakinsu shinge, masu kauri suka hura wuta. Na zaɓi gutsattsari masu kyau wajen arba'in na dasa a gwangwanaye cikin ɗaki, ko Allah zai sa ɗaya ya kama. Lokacin ba nasa ba ne, zafi ya yi yawa. Cikin kwana goma duk suka yi baƙi.

Inna Gaje ce ta kawo dabarar alwala. Ta ce daga yau duk mai sallah a gidan, a gindin wardi zai yi alwala. Aka ajiye dutse a wurin. Sau biyar a rana za ka ga Alhaji da kansa tsugune a kan dutsen nan da butarsa, da ƴaƴansa, da masu aikin fatu, Inna kuma a kawo mata tasa ta yi a ɗaki a zo a juye. Gwangwani ɗayan ma ban ƙara ɗauka daga rijiya ba. Bayan kwana ashirin, toho biyu jajaye suka fito a kututture na tsakiya. Alhaji ya kira ni da sassafe ya nuna mini, kamar ni ban gani ba.

Suka kai tsawon kamu ɗaya. Ina tona gindi kowace safiya, ina zuba toka, ban ga komai ba. Ran nan na ɗaga zana na ga tohon sun sunkuya. Na taɓa tulu, da ruwa. Na dafa kututturen, sai ya motsa a hannuna. Na ja kaɗan, ya fito gaba ɗaya, ba nauyi. Gara ce. Ba ta biyo ta sama inda nake dubawa ba, ta ƙarƙashin bango ta zo. A duk faɗin garkar nan da ta bushe ƙayau, wurin nan kaɗai ke da laima, ita ma ruwa take nema. Ta cinye saiwar ta bar ɓawo.

Na cike ramin. Na je na gaya wa Inna Gaje, ta ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Ta rasu kafin damina ta biyu.

Da aka samu ruwa hanya ta buɗe, na roƙi Alhaji izini na bi masu raƙuma zuwa Timiya, kwana bakwai. Ban so Baba Amumun ya ji a bakin wani ba. Na same shi zaune a garkar ɗansa ƙarƙashin rumman, idonsa ya yi fari. Ya gane muryata. Muka gaisa, aka kawo shayi, na bari har muka sha na uku sannan na faɗa masa.

Sai ya fara tambaya.

"A ina ka yanke?"

"Tsawon gwiwa, Baba."

"Nawa ka bari?"

"Biyar."

"Ka rufe bakin?"

"Da yumɓu da toka."

"Inuwa?"

"Zana. Da tulu a gefe."

"Wane wata?"

Na gaya masa. Ya lissafa a yatsunsa, ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ruwan da na rage, ina ya tafi. Na ba shi labarin layin, da matar mai salka, da abin da ta tambaye ni. Ya sa na maimaita masa maganarta.

"Ɗanta ya rayu?"

"Ban sani ba, Baba. Sun tashi kafin damina. Ban ko san sunanta ba."

Ya juya ƙaramin kofin shayin a hannunsa, hannun nan mai zanen ƙaya.

"Babu inda ka yi kuskure," ya ce. "Da ni ne a wurin, da na ƙara sati biyu ina zuba masa ruwa, matan nan suna kallona. Na san kaina. Ni na dasa shi, da ban iya ba." Ya ajiye kofin. "Gwamma da kai aka bar wa shi."

Na kwana uku a wurinsa, na taya ɗansa gyaran magudanar ruwa. Rana ta huɗu na yi masa sallama na kamo hanyar Agadas, domin lokacin dashen albasa ya yi, kuma babu kowa a garkar.